Iskar Bayan Jirgi

Zuwa ga Sambo, bawana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, juya ta za ka yi sama da ƙasa ka ce kaza ce ta taka tawada, kamar yadda ka saba yi wa ajamina. To, na dai rubuta. Tun da ka tafi ban sami wanda zan zaga ya rama ba, kuma magana ta cika mini ciki.

Kada ka ga na ce bawana ka ɗaure fuska. Mutuwa ba ta 'yanta ka ba. Ni Babarbare ne, kai Bafillace, haka muka tarar kakanninmu suna yi wa juna, kuma ka tafi ba mu raba gardamar wane ne ubangidan wani ba.

Ga labarin gida. Ruwa ya fara janyewa, masu shinkafa sun shiga fadama da lauje. Tarwaɗa ta yi yawa bana har mata sun gaji da banda. Matarka Hauwa ta fita takaba. 'Yarka Binta ta fara takawa, ta kwaso dogon wuyan nan naka, Allah ya kyauta. Jirgin Alhaji Maigyaɗa yana nan yana aiki, ni ne a kan sitiyari kamar da, kuma aikin injin ma a kaina ya faɗa don ba a sami wani ba. Ina jin dariyarka daga nan, sai ka yi ta yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in gaya maka abin da ya kashe ka. Ina kyautata zaton kai kanka ba ka sani ba. Kuma saura ƙiris abin nan ya haɗa da Hauwa da Binta.

Ka tuna sa'ad da Alhaji ya sayo jirgin daga hannun wani kamfanin Turawa, aka ɗoro shi a jirgin ƙasa, aka ja shi da shanu har bakin ruwa? Duk Haɗeja ta fito kallon kwale-kwalen da ke tafiya ba gora ba filafili. Ni aka ɗauka don na san kogi, na san gurbi na san tudun yashi tun ina tuƙa kwale-kwalen ubana. Kai aka ɗauka don ka koyo inji a soja. Na ce wa Alhaji ya yi asara, Bafillacen da ya kasa kiwon shanu me zai iya kiwatawa? Kai kuma ka ce wannan Babarbaren da bai san damansa da hagunsa ba sai ya kai mu Cadi ba mu shirya ba.

Kai ka koya mini sitiyari, ko da yake ban taɓa yarda a gabanka ba. Kai ka kama hannuna ka bi da ni tsawon sarƙar, daga gindin sitiyari a gaba, ta gefen jirgi a kan 'yan tayoyin ƙarfe, har can baya inda ta kama wutsiya, allon ƙarfen nan da ke cikin ruwa yana juya jirgin. Ka ce kowace safiya, kafin a kwance igiya, in murɗa dama har ƙarshe in murɗa hagu har ƙarshe, in saurara. In na ji ƙara, giris ake nema. In na ji nauyi, ciyawa ta naɗe wutsiya. In kuwa na ji sitiyari yana wasa a hannuna, na juya shi jirgi bai amsa ba, to sarƙa ta saki, kuma ba a kai wannan gyara gobe. Har yau haka nake yi, ina yi ina ƙunƙuni kamar kana tsaye a kaina.

Ranar nan kuwa, farkon zuwan ruwa ne, muna gangarowa daga wajen Miga da kayan bandar kifi. Da hantsi hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka saki tamfol ɗin rumfar baya ta kowane gefe, muka ɗaure shi tam don kada kaya su jiƙe, 'yan fasinjan da muke da su suka dawo gaba suka raɓe kusa da ni. Muna dab da kwanar gurbin tsamiya sitiyari ya fara wasa. Ka san wurin, ruwa na dukan gaɓa yana juyowa, in jirgi bai amsa ba sai dai a tsince shi a gindin bishiya. Na kira ka. Ka ce in rage wuta amma kada in kashe, don in injin nan ya mutu cikin ruwan sama sai mun wana shi har hannu ya saɓule bai tashi ba. Ka ɗauki sifana da gwangwanin giris, ka ɗaga gefen tamfol ka shige, ka mayar ka rufe.

Ba a jima ba na ji sitiyari ya dawo hannuna, ya yi tauri daidai, na taɓa shi kaɗan jirgi ya amsa. Muka sha kwanar lafiya lau. Na ɗaga murya na yi maka magana, ba ka amsa ba, na ce ƙarar ruwa ce a kan tamfol. Da na ga ba ka fito ba na ce Bafillace ya sami wuri mai ɗumi ya kwanta.

Sai da muka ɗaure a mashigi na ɗaga tamfol. Kana zaune ka jingina da kayan kifi, sifana a cinyarka, har murfin gwangwanin ka mayar ka rufe. Fuskarka ta yi jawur, ta yi kyau, kamar ka sha nono ka ƙoshi. Wallahi sai da na taɓa ka da ƙafa na ce tashi malalaci. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yake a kan ruwa abin ya faru, 'yan doka suka ce sai likita ya gan ka kafin a yi maka sutura. Likitan Bature ne, ya dube ka, ya yi mini tambayoyi ta bakin tafinta, ina ka zauna, inji yana aiki ko a kashe yake, tamfol a rufe ko a buɗe. Ya kaɗa kai ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya juyo gare mu, mu da muka cika baranda, ya ce likita ya ce muguwar iska ce ta kashe shi, iskar da ba a ganinta, ba a jin warinta, tana taruwa a bayan jirgi inda aka rufe.

To, Sambo, kai ma da kana cikinmu me za ka ji? Iskar da ba a gani, ba a jin warinta, ta kama mutum a kan gurbi ta bar shi ba rauni ba jini. Kafin la'asar magana ta gama gari, wai har Bature ya yarda mutanen ruwa ne suka ɗauke ka. Tafinta bai yi kuskure ba, iska ya ce, mu ne muka ji ɗaya iskar. Alhaji ya kira Sarkin Ruwa, aka yanka baƙin bunsuru a gurbin tsamiya, aka ɗaura mini laya a wuyan sitiyari. Liman ya yi faɗa ya ce ajali ne kawai, a daina shirme. Babu wanda ya ce a duba inji, har da ni. Duk lokacin da zan wuce gurbin nan sai na karanta abin da na iya.

Da aikin baya ya dawo hannuna sai na fara ciwon kai. Ka tuna naka? In an yi ruwa mun wuni a rufe, ka sauka kana dafe goshi kana cewa ƙasa na juya maka, ni kuwa in ce kewar nono ce, in miƙa maka goro. Irinsa sak ya kama ni, da jiri da tashin zuciya. Na je wurin malamin asibiti, mai ba da magani, na ce masa iskar da ta ɗauki Sambo ta fara bina, ko akwai abin da Turawa ke sha saboda ita. Ya fara dariya, ya dubi fuskata ya daina. Ya zaunar da ni a benci. Ya ce ba aljani likita yake nufi ba, iskar shaƙa yake nufi, wadda ke shiga hanci. Ya ce duk injin da ke cin fetur yana fitar da ita tare da hayaƙi, sai dai hayaƙi ana ganinsa ana tari a kauce, ita kuwa ba ta da launi ba ta da wari, ba ta sa tari. Ciwon kai take fara sa wa mutum, sai kasala, sai barci mai daɗi. Ya ce ita ce dai wadda ke kayar da mutanen da suka kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Maganinta kuwa sarari ne, a buɗe wuri, a fitar da mutum waje da sauri. Ya ce in je in duba bututun salansa, mai fitar da hayaƙin inji.

Na je na duba. Ka san tsumman nan da muka naɗe bututun da shi don kada ya ƙona kaya, daidai inda ya bi ta kusa da sarƙa zai fita baya? Na warware shi. Ƙarfen ya tsage ta ƙasa, tsawon ɗan yatsa, katakon da ke wurin ya yi baƙi ƙirin. Na tayar da inji na kai gashin kaza kusa, sai ga shi yana rawa. A nan ka durƙusa kana ɗaure noti, hancinka a kansa. Na daɗe a zaune a wurin.

Na sami Alhaji na gaya masa. Ya ce shi ya riga ya yi abin da ya kamata, bunsuru ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zai ajiye jirgi ana tsakiyar kakar kifi don a jira bututu daga Kano ba. Ya ce ni dai tsoro ya kama ni. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa ubangida, sai da aka shiga tsakani. Na kai wa maƙeri ya naɗe wurin da gwangwani ya matse da waya. Ya rage, amma gashin kaza bai daina motsi ba. Daga nan na daina sakin tamfol ɗin baya, in an yi ruwa kifi ya jiƙe, Alhaji ya yi ta zagi.

Ana nan Hauwa ta fita takaba, baffanta Malam Jibo ya zo ɗaukarta zuwa rugarsu a hayin Miga. Hanyar ƙasa har yanzu ruwa ya yanke ta, sai jirgi. Alhaji ya ce kyauta zai kai su, saboda kai. Baffa Jibo kuwa ya ce 'yarsu ba za ta zauna a gaba cikin maza ana kallonta ba, mace da fitarta takaba ke nan. A baya za ta zauna ita da yarinya, a saki tamfol ta kowane gefe, a ɗaure. Ka san filakonku, kunyar nan taku ta Fulani, ba sai na gaya maka ba. Tafiyar kuwa ta wuni ce, muna hawan ruwa, inji na aiki da ƙarfi.

Na ce ban yarda ba. Na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda aka yi mini. Ya saurara har na gama, ya ce ai iskar an riga an ba ta hakkinta. Na ce ba waccan iskar ba, wannan ta shaƙa. Ya ce to in ta shaƙa ce, ina warinta? Na ce ba ta da wari. Ya ce to ka gani. Haka muka yi ta zagaye, duk abin da na faɗa don in raba iskokin nan biyu sai ya ƙara haɗa su.

Sai magana ta canja salo. Aka fara cewa a mashigi wai Bukar so yake a zaunar masa da matar abokinsa kusa da sitiyari ya wuni yana kallo, wai tun kana raye idona yana kanta. Har gida maganar ta je, Falmata matata ta kwana biyu ba ta dube ni ba. Sambo, ka san ni da baki, amma wannan ta yi mini ciwo ƙwarai. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya in bar wani ya tuƙa. To wa? Duk wanda ya hau, tamfol zai saki yadda aka ce masa. Na gwammace a ɓata mini suna da in sake ɗaga tamfol ɗin nan in ga abin da na gani.

Da safen tafiya mashigi ya cika, wasu rakiya wasu kallon rigima. Hauwa na zaune gefe a kan tabarma cikin tsofaffin mata, ta lulluɓe har ƙasa, Binta a cinyarta. Na zo da kazar Falmata, ban ma tambaye ta ba. Na ce kowa ya buɗe ido. Na kife kazar da kwando a daidai inda aka shimfiɗa wa Hauwa tabarma, na saki tamfol na ɗaure yadda Baffa Jibo yake so, na tayar da inji, jirgi yana ɗaure. Muka tsaya. Da farko ana jin motsinta, daga baya shiru. Na kashe inji, na yaye tamfol na bari wurin ya sha iska, sannan na ɗaga kwando. Ga ta a kwance, ƙafafu a miƙe.

Na ɗauko ta na ajiye a kan yashi gaban kowa, ina ji a raina yau dai gardama ta ƙare. Ina! Baffa Jibo ya shafa gemu ya ce alhamdu lillahi, ga shi iska ta karɓi kaza, yanzu kam hanya ta buɗe, a shigar da yarinya. Mutane suka ce gaskiya ne, har wani yana yaba mini wai na yi dabara. Na ji kamar in kwance jirgin in tura shi tsakiyar kogi ya tafi shi kaɗai.

Muna cikin haka sai kazar ta motsa. Iskar safe tana kaɗawa a bakin ruwa, ta buɗe baki ta rufe, ta ja ƙafa ɗaya, ta yi tangaɗi ta miƙe tsaye. Mutane suka ja da baya. Ni kuwa sai na zauna a kan yashi. Ashe abin da kake bukata ke nan? A ɗaga tamfol kawai, a jawo ka sarari? Ina can gaba ina murna sitiyari ya yi daɗi, kai kana bayana, tsakaninmu bai fi tsawon gora biyu ba.

Hauwa ce ta yi magana. Ka san ba ta ɗaga ido gaban baffanta, ban taɓa jin muryarta a cikin maza ba sai ran nan. Ba ta buɗe lulluɓi ba, a hankali ta faɗa, amma kowa ya ji. Ta ce Baffa ya yi haƙuri, ga shi iskar ta dawo da kaza, ke nan ba kaza take so ba. Ta ce ita ba ta san ko wace iska ce ba, ta Bukar ko ta Sarkin Ruwa, amma ta san ɗakin iskar, bayan jirgi, don can ta sami uban Binta. Ta ce ba za ta kai mata 'yarsa har ɗaki ba. Ta tashi ta saɓa yarinyar, ta taka katako ta shiga jirgi, ta zauna a gaba a fili.

Ni kuma sai a lokacin hankali ya zo mini, na ga wata da watanni ina faɗa da kalma a banza. Na miƙe na ce gaskiyar Hauwa, iska ce, a bayan jirgin nan take zaune, kuma ba abin da ta tsana kamar a rufe ta. Na naɗe tamfol ɗin baya na ɗaure shi a sama. Wata tsohuwa ta zauna tsakanina da Hauwa don a huta da bakin mutane. Baffa Jibo kuwa, kada ka so ka ga inda ya zauna, ya fi kowa matsowa gaba, har sandarsa tana zungurar mini gwiwa.

Tun ran nan ba mai yarda ya zauna a baya in inji na aiki, ko an ce kyauta ne. Da Alhaji ya ga rabin jirginsa na tafiya wayam, da kansa ya aika Kano a kawo sabon bututu, ana sa ransa a jirgin ƙasa mai zuwa. Ko ya zo, tamfol ɗin nan ba zai ƙara rufuwa ruf ba muddin ni ke tuƙi. Malamin asibiti ya ji labari ya ce na ƙara wa mutane camfi. Na ce masa ya nuna mini inda na yi ƙarya. Wanda ya tambaye ni wace iska, ina zaunar da shi in nuna masa tsagar da gashin kaza. Wanda bai tambaya ba, ya dai zauna a gaba.

Saura abu ɗaya. A hanyarmu ta zuwa Miga mun bi ta gurbin tsamiya, ruwa na dukan gaɓa kamar kullum. Hauwa ta san wurin ko da ba a nuna mata ba, na ga ta ƙanƙame yarinyar. Na murɗa sitiyari, jirgi ya amsa nan take. Sambo, tun ranar da ka ɗaure sarƙar nan ban sa mata sifana ba. Giris kawai nake shafawa. Kowace safiya ina gwada ta dama da hagu ina jiran ta yi wasa, ba ta yi ba. Kanka na sarawa, idonka na rufewa, amma sai da ka gama, ka matse notin, ka rufe gwangwani. Ɗaurinka ne ya kai iyalinka gida.

Ka san abin da na faɗa maka ran nan da na ɗaga murya cikin ruwan sama? Ba zagi ba ne. Cewa na yi, bawana, aikinka ya yi kyau. Tsawon zamanmu ban taɓa yaba maka ba sai wannan karon, don na ga tamfol ya raba mu ba za ka ga fuskata ba. Ka ji kuwa? Ko lokacin barcin ya riga ya ɗauke ka? Wannan ita ce tambayar da ba malamin asibitin da zai amsa mini. Shi ya sa na rubuta, in sake faɗa. Aikinka ya yi kyau. Ka fi ni iya aiki, ka fi ni haƙuri, kuma ban yi aboki kamarka ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya raya Binta. In tawa ta zo ka matsa mini wuri kusa da kai, mu ƙarasa gardamarmu.

Ni ne ubangidanka, ko bawanka in ka fi so, yau ɗaya na bar maka,

Bukar mai sitiyari, mashigin Haɗeja